Biyan Mai Aikin Gida Kuɗi a Hannu: A Wuyan Wa Harajin Yake?

Mace ce take zuwa gidanka sau ɗaya ko sau biyu a mako. Ta share ɗakuna, ta wanke banɗaki, in akwai guga ta yi, da ta gama ka ƙirga kuɗinta ka miƙa mata ta kama hanya. Akwai wasu gidaje uku ko huɗu da take yi wa irin wannan aiki a sauran ranaku. Tun ranar farko ta gaya maka a hannu take son kuɗinta, kada a tura mata ta banki. Ana nan ana nan, sai wani tunani ya fara damunka: anya matar nan tana biyan haraji a kan abin da take samu? In ba ta biya, ni da nake miƙa mata kuɗin ina da laifi? Wata rana jami'an haraji za su iya cewa da hannuna a ciki?

Mutane da yawa masu gudun shiga haƙƙi suna cikin wannan zulumi, kuma a ganina yawancinsu sun kai tsoron inda bai kamata ba. Inda haɗarin yake na gaske daban ne, ba kasafai ma ake waiwayar wurin ba.

Biyan mutum ladan aikinsa da tsabar kuɗi halal ne a dokar kusan kowace ƙasa. Haraji abin da mutum ya samu yake bi, ko ta wace ƙofa ya shigo masa: a hannu, ta banki, ko ta waya, hukuncin ɗaya ne. Ƙasashen da suka sa wa biyan lakadan iyaka ma, manyan kuɗi suke fako. Faransa, alal misali, tun 2015 ta hana mazaunin ƙasar ya biya mai sana'a fiye da Yuro 1,000 a hannu, kuma ladan sharar yini ɗaya ko kusa da nan bai kai ba.

In kuma mai aikin da gaske zaman kanta take yi, to bayyana abin da ta samu da biyan harajinsa nauyinta ne ita kaɗai, kamar yadda ba ka tambayar makanike ko tela takardar harajinsa kafin ka biya shi. A Birtaniya, tun watan Afrilun 2017, mai ƙaramar sana'a da abin da ya shigo masa a shekara bai wuce fam 1,000 ba ba ya ma buƙatar sanar da hukumar haraji. In ya wuce sai ya yi rajista, amma harajin kuɗin shiga ba ya hawa kansa sai jimlar samunsa ta haura fam 12,570. A Amurka, mai zaman kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara dole ne ya cike takardar haraji, kuma shi zai biya kashi 15.3 cikin 100 na asusun fansho da lafiyar tsofaffi da kansa. Duk a cikin waɗannan dokoki babu inda aka ce wanda aka yi wa shara ya zama ɗan sandan haraji. Ke nan tana iya yiwuwa matar da kake zargi ba ta ma kai mizanin da ake bin ta ko sisi ba, ko kuma tana biyan nata ba tare da ta ga dalilin gaya maka ba.

Ina jin ciwon yadda ake saurin ɗora wa masu aikin gida zargi don kawai sun nemi kuɗinsu a hannu. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2021 ta nuna manya kusan biliyan 1.4 ne ba su da asusun ajiya kowane iri. Wata tana da asusun, amma cajin banki yana cin abin da ba ta da halin rasawa. Wata da kuɗin yau za ta ci abincin yau, ba za ta iya jiran a ce an tura bai shiga ba. Wata kuma, abin da ba za ta taɓa faɗa maka ba, wani ne yake riƙe da katinta a gida, abin da ta karɓa a hannu shi kaɗai ne nata. Wanda bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kamata ya yanke mata hukuncin zamba ba.

Amma akwai lokacin da mai biya yake shiga cikin laifin dumu-dumu, kuma kowa ya san yadda maganar take zuwa. Mai gyaran famfo ko mai kula da lambu ya gama duba aiki, ya rage murya ya ce, “Yallaɓai, in ta banki ne da rasit, kaza ne. In kuwa hannu da hannu ne, sai in rage maka.” Wannan ragin daga aljihunsa ba zai fito ba. Harajin da bai yi niyyar biya ba ne ya raba biyu, ya ba ka rabi don ka yi shiru. Da ka amsa, ka daina zama wanda bai sani ba. A watan Yulin 2012 wani ƙaramin ministan baitulmalin Birtaniya, David Gauke, ya ce biyan masu gyare-gyare a hannu don a sami irin wannan ragi bai dace da ɗabi'a ba, aka yi masa caa a jaridu. Da yawa sun ɗauka duk biyan lakadan yake nufi, alhali a kan ragin yake magana, kuma a nan yana da gaskiya. Dokar ƙasar ta ɗauki shiga cikin zambar haraji da gangan a matsayin laifi, ko da harajin na wani ne.

Jamus ta kai abin har inda ya fi zafi. A 2013 babbar kotun tarayya mai sauraron ƙararrakin farar hula ta yanke hukunci a kan wani aikin shimfiɗa duwatsu a ƙofar gida da aka yi yarjejeniyar biya a hannu ba takarda. Aikin ya fito da matsala, aka kai ƙara, kotu ta ce yarjejeniyar tun asali ɓatacciya ce, don haka babu haƙƙin neman gyara. A 2014 kotun ta juyo ta ɗaya ɓangaren: mai aikin da ya yi irin wannan ciniki, in aka hana shi kuɗinsa, shi ma ba shi da ƙara. Mutum biyu da suka haɗa baki suka ɓoye wa hukuma cinikinsu, ranar da suka saɓa babu wanda zai raba su.

Babbar tambayar da ya kamata ta hana mai gida barci ita ce wannan: matar nan, da gaske mai zaman kanta ce, ko kuwa ma'aikaciyarka ce kake kiranta da wani suna? Domin in ma'aikaciyarka ce, komai ya juya. Rajista, cire haraji daga albashi, zuba kason fansho, inshorar haɗari, hutu mai albashi, duk a wuyanka suke, kuma wanda hukuma za ta nema kai ne.

Ba da baki ake zama mai zaman kai ba. Ko ita ta ce haka take, ko kun rubuta a takarda kun sa hannu, hukumomi da kotuna yadda aikin yake gudana a zahiri suke dubawa. Kotun ƙolin Birtaniya ta jaddada wannan a shari'ar direbobin Uber a 2021, inda ta ajiye abin da kwangila ta rubuta gefe ta dubi wanda yake juya akalar aikin. Tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wa ya yanke farashi, ita ce ta faɗi kuɗin aikinta ko kai ka yanka mata? Tsintsiya da sabulu da injin shara na wane ne? Tana iya cewa ba za ta zo wannan makon ba, ko ta turo ƙanwarta ta yi a madadinta, ba tare da ta nemi izini ba? Tana da wasu gidajen? In aiki ya ɓaci, ita ce za ta sake shi a kan asararta? Sama da duka, wa yake faɗin yadda za a yi aikin? Hukumar harajin Amurka ta taƙaita shi da cewa mutum ma'aikacinka ne in kana da ikon faɗin abin da za a yi da kuma yadda za a yi shi, ko da na 'yan sa'o'i ne a mako.

In aka auna da wannan ma'auni, mai sharar da take zagaya gidaje biyar da kayan aikinta, ta sa farashinta, ta tsara ranakunta, tana iya zama mai zaman kanta. Mai raino kuwa da take zuwa kullum ƙarfe bakwai, a gidanka, da dokokinka na lokacin cin abincin yara da lokacin barcinsu, da wuya wata hukuma ta yarda ba ma'aikaciya ba ce. Haka direban gida, haka kuku, haka mai jinyar tsoho da take kwana a gidan. A nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa rami ba su sani ba: suna can suna damuwa da harajin da suke zaton ita ba ta biya ba, alhali nasu ne yake taruwa.

Wasu ƙasashe sun gaji da wannan jayayya sai suka ja layi da lamba. Brazil, wadda take da miliyoyin masu aikin gida, ta yi doka a 2015 cewa duk wadda take yi wa gida ɗaya aiki fiye da kwana biyu a mako ma'aikaciya ce, dole a yi mata rajista. Mai kwana ɗaya ko biyu ita ce mai aikin yini da take zaman kanta. Afirka ta Kudu da sa'o'i ta auna: wanda yake aiki a gidanka sa'a 24 ko fiye a wata, sai ka sa shi a asusun inshorar rashin aiki, kai ka zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, shi ma a cire masa kashi 1. Amurka kuwa da kuɗi ta auna. A 2025, in ka biya ma'aikacin gida ɗaya dala 2,800 ko fiye a shekara, kason fansho da lafiya ya hau kanku, kashi 7.65 cikin 100 daga gare ka, kashi 7.65 daga albashinsa. Irin wannan layi yana da amfani domin kowa ya san matsayinsa, duk da cewa yana da illa a fili: wasu gidaje sai su tsaya daidai ƙasa da layin, su raba aikin mutum ɗaya ga mutum biyu.

Ita wannan doka ta Amurka abin kunya ne ya gyara ta. A watan Disambar 1992 zaɓaɓɓen shugaba Bill Clinton ya zaɓi lauya Zoë Baird ta zama antoni-janar, mace ta farko da za ta riƙe muƙamin. A watan Janairun 1993 sai ta bayyana cewa ta ɗauki wasu mata da miji 'yan ƙasar Peru da ba su da izinin aiki, matar tana raino mijin yana tuƙi, kuma ba a biya musu kason fansho a kan lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki ta janye. A lokacin, mizanin dala 50 ne kacal a wata uku, adadin da aka sa tun 1950 ba a taɓa shi ba, har ya zama kusan duk mai kiran wata ta kula masa da yara yana karya doka. A 1994 majalisa ta ɗaga shi zuwa dala 1,000 a shekara, ta kuma sauƙaƙa yadda ake biya. A Suwidin ma, a watan Oktoban 2006, ministar ciniki Maria Borelius kwana takwas kawai ta yi a ofis ta sauka, kuma cikin abin da ya kayar da ita har da biyan masu raino a ɓoye a shekarun 1990.

Ministoci ne ake bugawa a jarida, amma asarar da ta fi girma tana kan mai aikin, kuma ba a ganinta sai an makara. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya ce akwai masu aikin gida miliyan 75.6 a duniya, kashi 76 cikin 100 mata ne, kuma takwas cikin kowane goma suna aiki ne ba rajista ba kariya. Ga abin da hakan yake nufi a rayuwar mutum ɗaya. A Amurka sai ka tara kimanin shekara goma na aikin da aka biya wa kaso kafin ka cancanci fanshon gwamnati. A Birtaniya shekara 10 ne mafi ƙaranci, 35 kuma kafin a ba ka cikakke. Matar da ta yi shekara talatin tana goge ɗakunan mutane a ɓoye, ranar da gwiwa ta gaza, a takardun hukuma tamkar ba ta taɓa aiki ba. In ta je neman hayar gida ko bashin banki aka ce ta kawo shaidar samunta, ba ta da abin nunawa. Lokacin annobar korona a 2020, da gidaje suka rufe ƙofa, gwamnatin Birtaniya ta biya masu zaman kansu kashi 80 cikin 100 na ribar da suka saba samu, har fam 2,500 a wata, amma da takardun harajin da suka cike a baya aka yi lissafin. Wadda ta ɓoye rabin samunta, rabi aka lissafa mata. Wadda ba ta taɓa cikewa ba, ko kwabo ba ta samu a wannan shiri ba.

Sai kuma haɗari. Aikin gida akwai hawa tsani, akwai ruwan zafi, akwai sinadarin wanki, akwai santsi. A 2012 wata mai aikin gida a Afirka ta Kudu ta faɗa tafkin wanka na gidan da ta shafe shekaru tana yi wa aiki, ta rasu. 'Yarta da ta dogara da ita ta nemi diyya, aka ce dokar diyyar ma'aikata ba ta haɗa da masu aikin gida ba. Sai a watan Nuwamban 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan wariya. In har wadda kowa ya san ma'aikaciya ce sai bayan shekara takwas da rasuwarta aka yi mata adalci, yaya ke nan wadda ko sunanta babu a wata takarda?

Duk da haka ba zan ɓoye ba, sau da yawa ita mai aikin ce take ƙin a shigar da ita tsari, kuma tana da hujjarta. Abin da za a cire mata yau tana ganinsa, fanshon da ake yi mata alkawari kuwa sai bayan shekara talatin. Wata tana karɓar tallafin gwamnati da za a yanke in samunta ya bayyana. Wata baƙuwa ce da ba ta da takardar zama, rajista a wurinta daidai take da kai kanta ga masu korarta. A ƙasashen da talaka ba ya ganin abin da harajinsa yake yi masa kuma, da wane baki za ka ce mata ta biya? Mai gida shi ma yana da nasa uzurin: shi ba kamfani ba ne, ba shi da akanta, fom ɗin hukuma kansa tsoro yake ba shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 a 2011 don a ɗauki aikin gida kamar kowane aiki, amma rubutu a takarda bai isa ya kawar da waɗannan dalilai ba.

Ƙasashen da suka sami ci gaba a nan, da sauƙaƙawa da kwaɗaitarwa suka samu, fiye da barazana. Faransa ta fito da wani tsarin biya tun 1994, ta faɗaɗa shi a 2006: mai gida ya shigar da sa'o'in aiki da albashi, hukuma ta yi lissafin kason da kanta ta cire, ta fitar wa ma'aikaciya takardar albashi, sannan a mayar wa mai gida rabin abin da ya kashe ta hanyar rangwamen haraji, har zuwa kashe Yuro 12,000 a shekara. Suwidin ta kawo irin wannan rangwame a 2007, shi ma rabin kuɗin ƙwadago ne. Jamus tana rage wa mai gida kashi 20 cikin 100 na abin da ya biya, har Yuro 4,000 a shekara, amma in mai zaman kansa ne ya yi aikin, sai da takardar neman biya kuma sai an tura kuɗin ta banki. Wanda ya biya a hannu ya rasa ragin, ko da ya riƙe rasit. Da haka aka rage wa kasuwar “hannu da hannu sai in rage maka” ƙarfi, tunda gwamnati ma tana ba da nata ragin. Ana sukar waɗannan tsare-tsare da cewa kuɗin jama'a ne ake tallafa wa masu hali su ɗauki 'yan aiki da shi, kuma sukar tana da tushe. Ni dai na fi ganin nauyin ɗaya ɓangaren: mace ta tsufa da fansho, ta ji ciwo da inshora.

To wanda yake zaune a inda babu irin wannan tsari, ko kuma mai aikinsa da gaske zaman kanta take yi, me ya rage masa? Ya ci gaba da biyanta a hannu in haka take so, amma ya ajiye ɗan littafi: kwanan wata, sa'o'i ko aikin da aka yi, adadin kuɗi, sa hannunta. Wannan littafi kariya ne gare su duka. Shi yana da shaidar ya biya kuma bai ɓoye komai ba, ita kuma tana da abin nunawa ranar da ta buƙaci tabbatar da cewa tana da sana'a. Faɗarsa ma ba ta buƙatar tuhuma: “Iya, zan riƙa rubuta abin da na ba ki kina sa hannu, don kada lissafi ya ruɗe mana, ke ma ki riƙe naki.” Mai gaskiya ba za ta ƙi ba. In kuwa ta ce a fili kada a rubuta domin ba ta son hukuma ta sani, to yanzu ka sani, kuma ci gaba a kan wannan sharaɗi zaɓi ne da ka yi ido buɗe.

Wanda kuma ya auna ya ga ashe ma'aikaciya yake da ita, gara ya je ya daidaita da kansa, domin hukumomin haraji galibi suna sassauta wa wanda ya kawo kansa fiye da wanda aka kamo. Kuma yawanci ta hanyar ma'aikaciyar asirin yake tonuwa, ba da mugun nufi ba: aiki ya ƙare, ta je neman tallafin rashin aiki ko fansho, aka tambaye ta inda ta yi aiki, ta faɗi gaskiya. Abin da ya fi wuya a gyaran shi ne kada kuɗin da take tafiya da shi gida ya ragu dare ɗaya, don wannan ne yake sa ta gudu ta koma gidan da ba a tambaya. Dokar Amurka ta bar wa mai gida damar ya ɗauki kason ma'aikaciyar ya haɗa da nasa ya biya duka. A kan albashin dala 10,000 a shekara, kason biyu sun kama dala 1,530, ban da inshorar rashin aiki da abin da jiharsa za ta ƙara. Wannan adadi shi ya kamata mutum ya sa a lissafinsa tun kafin ya yanke shawarar sa'o'i nawa zai iya ɗaukar mai aiki a mako.